Latas ɗina na cikin ruwa ya mutu a kwana tara, ina na yi kuskure?

Sabon Shiga: Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin noman ruwa ku taimaka min kafin in haƙura. Na ga ana shuka latas a bututu babu ƙasa ko ƙanƙani, sai na ce ai wannan ba wani abu bane, na samo bututun roba mai faɗi na huda shi rami 12, na sa ɗan famfo yana ɗago ruwa daga bokiti ya zagaya ya koma, na jiƙa takin NPK irin na gona na zuba. Kwana uku na farko kamar za'a yi abin kirki ganye a miƙe, daga nan sai suka fara rawaya, jiya na ɗago ɗaya na ga saiwar ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi har da wari kamar na kwata. Yau kwana tara duk sun kwanta. Kuma ni burina ma in haɗa da kifi ne irin wanda kashin kifin ke zama taki, to yanzu gabana ya faɗi.

Mai Bokiti: Hhh sannu ɗan'uwa, barka da shigowa sahun waɗanda suka kashe latas, duk wanda ka ji yana cika baki a harkar nan ya kashe nasa ya binne a ɓoye. Tambaya uku zan maka: bokitin rana na dukansa? wane kala ne? an ɗauke maka wuta a cikin kwana taran nan?

Sabon Shiga: Fari ne irin wanda haske ke ratsawa, yana rana tun hantsi har la'asar, in na tsoma hannu da rana ruwan ɗumi yake kamar na wanka. Wuta kuma ranar Talata wuni ta yi babu.

Mai Bokiti: To ai ka ba kanka amsa. Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar oksijin ɗin da ke cikinsa raguwa take yi, a digiri 20 ruwa na riƙe wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, ga shi a ɗumin ne saiwar ta fi buƙatar iskar, ga kuma wata cuta da ake ce mata Pythium mai ruɓar da saiwa ita ɗumin nan take jira. Wannan yauƙin da warin da ka ji aikinta ne. Sannan salon da ka ɗauka na bututu shi ake kira NFT, ruwa ne siriri yake bi ta ƙasan saiwa, in famfo ya tsaya babu abin da ke riƙe laima, a cikin zafi sa'o'i kaɗan sun isa. Ka fara da wanda ya fi kowanne rashin haƙuri kenan.

Baba Manomi: Ni dai ina karantawa ina mamaki. Abin da aka halitta ya tsiro a ƙasa kun ɗauke shi kun tsoma a bokiti sannan kuna tambayar me ya kashe shi. Shekarata sama da 40 ina lambu, ban taɓa auna ruwa da wata na'ura ba, ko na yi tafiyar kwana biyu na dawo shukata na nan. Ɗana ka nemi ƙasa ko a buhu ce ka shuka abinka ka huta.

Malama Mai Kimiyya: Baba a gafarce ni, amma shuka ba ƙasa take ci ba, abin da ya narke a ruwan cikin ƙasar take sha. Sinadarai 17 take buƙata, uku tana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 ta saiwa suke shiga, irin su naitirojin, fosfaras, fotasiyam, kalsiyam, magniziyam, salfa, sai ƙanana irin ƙarfe da zinc da boron waɗanda kaɗan ake so amma in babu su komai ya tsaya. Kuma abin ba na jiya bane. Tun 1699 wani Bature a Ingila John Woodward ya tsoma na'ana'a a ruwa iri-iri, ya ga wadda ke cikin ruwan da aka dama da ƙasa ta fi ta ruwan sama girma nesa ba kusa ba. Wajen 1860 wasu Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka haɗa ruwan gishirin sinadarai suka raini shuka a ciki ba ƙasa. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya shi ya fito da abin fili daga 1929, tumatirinsa ya haura mita 7 tsawo, kuma a 1937 sunan haidrofonik, wato noman ruwa ba ƙasa, ya fito. Amma Baba inda kake da gaskiya, ƙasa tana maka aikin da ba ka gani: tana riƙe ruwa, tana riƙe taki ta sake shi a hankali, tana sanyaya saiwa, tana daidaita tsami. Ranar da ka cire ƙasa duk wannan aikin ya dawo wuyanka.

Baba Manomi: To 'yata kin ga ai magana ta dawo inda na ajiye ta. Kun kori ɗan aikin da ba ya karɓar lada kun ɗauko wahala.

Malama Mai Kimiyya: Hhh Baba wanda yake da gona mai kyau da ruwa wadatacce ba wanda zai ce ya bari. Wanda yake saman bene fa, ko ƙasarsa gishiri ya cinye ta, ko cuta ta zauna a cikinta duk tumatirin da ya dasa sai ya yi yaushi?

Sabon Shiga: Malama to takin fa? ni NPK na sa mai kyau kuma na dama shi sosai

Malama Mai Kimiyya: Shi ne kuskure na biyu. Takin gona an yi shi ne don ƙasa, sau da yawa ba ya narkewa duka, ba shi da isasshen kalsiyam da magniziyam balle ƙananan, kuma yawanci naitirojin ɗinsa yuriya ce ko amoniyam, ita yuriya sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun juya ta kafin shuka ta more ta, a bokiti wa zai juya? Ka nemi takin da aka haɗa don noman ruwa. Za ka ga yana zuwa kashi biyu, A da B, ba don ado bane, kalsiyam naitiret yana ɗaya, masu salfet da fosfet suna ɗaya, in ka haɗa su da kauri sai su kama juna su kwanta a ƙasan roba kamar alli, shuka ba za ta taɓa shan su ba. Ka zuba A a cikin cikakken ruwa ka juya, sannan ka zuba B. Sai na'ura biyu da ba makawa: ta pH, mai auna tsamin ruwa, da ta EC. pH tsakanin 5.5 da 6.5, in ya haura 7 ƙarfe yana cikin ruwan amma saiwa ba ta iya ɗauka, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kore, mutum ya yi ta ƙara taki alhali ba taki ne ya ƙare ba. EC kuma tana nuna maka kaurin takin, latas wajen 1.2 zuwa 1.8 ya ishe shi, tumatir ya fi son kauri, daga 2 zuwa sama.

Mai Bokiti: Ruwa ba ya tsami banza inji masu magana, mu nan mu muke sa masa tsamin da kanmu hhh

Maman Yara: Ni tambayata daban, in pH ɗin ya hau ba zan iya matsa lemon tsami ba? yana kicin ba sai na nemo wani asid ba da yara a gida

Malama Mai Kimiyya: Zai sauko 'yar uwa amma ba ya zama, kwana ɗaya biyu ƙwayoyin cikin ruwan sun cinye shi pH ya koma inda yake, ki yi ta fama. Don ceto na rana ɗaya ba laifi. Masu yi da gaske fosforik asid mai rauni suke ɗigawa, ɗigo-ɗigo ana aunawa, kuma a ajiye inda hannun yara ba ya kai.

Mai Bokiti: Ɗan'uwa ka ajiye bututun nan tukuna ka ji yadda na fara bayan nawa sun mutu. Akwai salon da Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii ya yi suna da shi, ba famfo ba wuta ba komai. Bokiti mai murfi wanda haske ba ya shiga, in fari ne ka naɗe shi, in baƙi ne ka rufa masa wani abu fari daga waje kar ya sha zafi. Ka huda murfin ka sa ɗan kofi mai ramuka, ka tsirar da irin a soso ko ɓawon kwakwa da aka wanke sosai, ka cika ruwan taki har ya ɗan taɓa gindin kofin, shikenan ka tafi harkarka. Shukar tana sha ruwan yana sauka, saiwa tana bin sa ƙasa, wurin da ya zama fili tsakanin murfi da ruwa sai ya cika da wasu fararen saiwoyi masu gashi-gashi kamar auduga, waɗannan su ne hancinta. Abin da ke kashe mutane a nan shi ne tausayi, ka leƙa ka ga ruwa ya yi ƙasa ka ce bari in cika mata, ka cika har baki, ka nutsar da hancin, washegari ka tarar ta kwanta. Ni na yi haka da hannuna, guda shida a dare ɗaya, na zauna ina kallonsu kamar in yi kuka. Latas ɗaya ka ba shi lita 4 zuwa 6 zai kai shi girbi, wajen sati biyar zuwa shida bayan dashe.

Maman Yara: Ruwa a tsaye sati shida?? sauro fa

Mai Bokiti: Shi ya sa na ce murfi, ya rufu ruf, gefen kofin ma ki toshe. In sauro bai samu ƙofa ba ba zai yi ƙwai ba, haske ma in bai shiga ba gansakuka ba za ta fito ta raba takin da shukar ba.

Mai Kifi: Duk na ji ku amma gsky ku masu gishirin kwalba wahala kuke sha, kullum saye kullum awo, ƙarshe kuma ku zubar da ruwan. Ni kifina ke min taki, in ci ganye in ci kifi. Sai dai ƙanena Sabon Shiga kar ka ji na faɗi haka ka ruga, ka saurara. Mutane suna ɗauka kashin kifi ne shuka ke sha kai tsaye, ba haka bane. Kifi amoniya yake fitarwa, mafi yawanta ma ta wajen numfashinsa nan gefen kai ba ta kashi ba, kuma amoniya guba ce gare shi. Wasu bakteriya irin su Nitrosomonas su ke juya ta ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne yana hana jinin kifi ɗaukar iska, sannan wasu irin su Nitrospira da Nitrobacter su juya shi ya koma naitiret, shi ne abincin shuka kuma kifi yana jure shi. Wato halittu uku kake kiwo, kifi da shuka da waɗanda ido ba ya gani, kuma na ukun nan su ne masu gidan. Suna zama ne a jikin tsakuwa da bangon tanki da saiwa, kuma kafin su taru su isa aiki sai an yi sati huɗu zuwa shida. Ni ban san haka ba lokacin, na haɗa tanki ranar Asabar na zuba kifi 40 ranar Lahadi ina ta watsa musu abinci don su yi saurin girma, a sati na biyu na fito da safe na gansu duk sun taso sama suna haki baki a buɗe, ruwan kuma garau kamar ka sha, wlh da ido ba za ka ce akwai matsala ba. Kafin yamma na kwashe fiye da rabi.

Sabon Shiga: Innalillahi. To yaya ake yi Yaya?

Mai Kifi: Ka bar ruwan ya yi ta zagayawa ba kifi, ko da 'yan kaɗan ƙwarai, kana sa ɗan abin da zai ba da amoniya kana aunawa da kayan gwaji, za ka ga amoniya ta hau ta sauko, naitirait ya hau ya sauko, naitiret ya fara bayyana, to sannan gida ya ginu. In ruwan famfo ne mai kulorin ka bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu kafin ka zuba don kulorin kashe bakteriyar yake. Kifi kuma karfasa ko tarwaɗa sun fi haƙuri. Kuma ba yawan kifi ake lissafawa ba, yawan abincin da kake zubawa a rana ake lissafawa. James Rakocy da ya shafe shekaru yana wannan aikin da karfasa a Jami'ar Tsibiran Virgin, ma'auninsa giram 60 zuwa 100 na abincin kifi a rana ga kowace murabba'in mita ta shuka, a salon da shuka ke yawo kan allo a saman ruwa.

Mai Bokiti: Yaya Mai Kifi ka faɗi daɗin ka ɓoye sauran, kai ma ai kana saye. Faɗa musu maganar ƙarfe

Mai Kifi: Hhh ban ɓoye ba ban iso bane. Eh abincin kifi ba ya kawo isasshen ƙarfe da fotasiyam da kalsiyam, dole ka ƙara. Kuma aikin bakteriyar nan yana sa ruwa tsami a hankali, to sai ana ɗaga pH da kalsiyam haidroksaid yau, wani karon da fotasiyam haidroksaid, jifa ɗaya tsuntsu biyu. pH ɗin ma sulhu ake yi, shuka na son wajen 6, bakteriya sun fi son sama da 7, sai a tsaya wajen 6.8 zuwa 7 kowa ya ɗan yi haƙuri. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙwari, in ɗan ƙwaro ya sauka a ganye ba ka da ikon fesa maganin ƙwari yadda ka ga dama, ya ɗiga a ruwa kifi ya tafi, ko tagulla ba a so ta taɓa ruwan. Da hannu nake bi ina murƙushe su da raga a kewaye.

Mai Bokiti: Kuma in wuta ta ɗauke ni ina barcina kai kana tsaye da tocila kan tanki

Mai Kifi: Wannan gaskiya ne ba zan musa ba, injin iska ba ya tsayawa, sai da na haɗa masa batir da sola na samu barci.

Ɗan Lissafi: Ni ban shuka ko ɗaya ba amma ina bin harkar ta fuskar kasuwanci kuma ina so a rage zuzutawa. Wani nazari da aka buga a 2015 ya kwatanta noman latas a jihar Arizona ta Amurka, na ruwa da na gona. Na ruwa ya ninka amfanin wajen sau 11 a fili ɗaya, ruwan da ya ci wajen lita 20 a kilo ɗaya, na gona wajen lita 250. Masu talla a nan suke tsayawa. Abin da ba sa ƙarasawa, makamashin da ya ci ya ninka wajen sau 82, saboda sanyaya rufaffen gidan da ake noman a ciki da ɗumama shi. Ku duba 2023, AeroFarms da AppHarvest duk manyan kamfanoni ne a Amurka da aka zuba musu kuɗi kamar ba gobe, duk biyun sun je kotu neman kariyar fatara a shekarar. Rana kyauta take, in ka shige ɗaki ka kunna fitila kana sayen abin da manomin waje yake samu a banza.

Malama Mai Kimiyya: Haka ne amma kar a haɗa su duka a kwando ɗaya. Holan ta daɗe tana noman tumatir da kokwamba da tattasai a gidajen gilashi ba ƙasa, saiwar tana cikin wani abu kamar auduga da ake yi da narkakken dutse, ruwan taki na ɗiga, kuma suna fitarwa ƙasashen waje, don mafi yawan haskensu na rana ne kuma sun ƙware. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai jera shuka hawa-hawa a rufaffen ɗaki da fitila zalla.

Baba Manomi: To ku gaya min, cikinku wa ya noma hatsi a bokiti? Ganye ne dai da tumatir.

Malama Mai Kimiyya: Babu Baba, zai tsiro amma lissafin ba ya fita, hatsi da rogo da dankali na gona ne. Wannan na kayan lambu ne masu saurin fitowa da saurin lalacewa.

Maman Yara: Ɗanɗano fa? an ce min salam yake kamar ruwa

Mai Bokiti: Latas da na'ana'a ni ban ji bambanci ba sai ma rashin yashi a haƙori. Tumatir ne in an cika masa ruwa taki ya yi tsarara yake yin salam, in aka ɗan ƙara kaurin takin 'ya'yan suna raguwa girma amma zaƙi ya ƙaru. Iri ma yana da nasa.

Baba Manomi: Wannan ko a gona haka yake, tumatirin da ya sha ruwa da yawa ba ya daɗi. Kuma tunda kun nace, ɗana in ka rufe tumatir a inda iska da ƙudan zuma ba sa shiga, ka riƙa girgiza shi da hantsi lokacin fure, in ba haka ba fure zai zube ba ɗa. Wannan na'urarku ba za ta gaya muku ba.

Mai Kifi: Baba ya shigo layi hhh

Baba Manomi: Ban shigo ba, tausayin yaron nake ji.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na ajiye maganar kifi tukuna taura biyu ba ta taunuwa. Na wanke komai, zan fara da bokiti huɗu a inda rana ke samu da safe kawai, na yi odar takin A da B da na'urorin awo biyu.

Sabon Shiga: Salam, na dawo da rahoto, yau kwana 31 da dashe. Uku sun yi kyau sosai ganye ya rufe murfin, na ɗaga na ga saiwa fara tas har da masu gashin nan da Yaya Mai Bokiti ya faɗa, hannuna har ƙaiƙayi yake in ƙara ruwa amma na daure. Na huɗun ne gefen ƙananan ganyen tsakiya ya yi baƙi kamar an ƙona da ashana, pH 6.1 ne EC kuma ta hau 2.3, shi ne a lungu jikin bango.

Malama Mai Kimiyya: Kalsiyam ne bai kai bakin ganyen ba, ba wai babu shi a ruwan ba, yana tafiya ne da ruwan da ganye ke fitarwa, a lungun da iska ba ta motsi ganyen tsakiya ba ya fitar da komai. Ka fito da shi inda iska ke kaɗawa, ka ɗan tsarma ruwan da tsabtataccen ruwa EC ta sauko, amma kar ya haura inda fararen saiwoyin suka fara. Wanda ya ƙone ba zai dawo ba, sabon da zai fito ka duba.

Mai Bokiti: Ukun nan kuma kar ka tsaya kallonsu, in zafi ya yi yawa za su yi tsiri su yi ɗaci, ka fara tsinka daga ganyen waje tun yanzu.

Baba Manomi: Turo hoton saiwar in gani.